Ranar da Kurege Ya Ci Gasar Ninƙaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta fito daga gulbi a jiƙe.

Ta zo mu ji ta, ma shanya ta daga baya.

To, ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, ba na maimaita magana.

A can Gulbin Ɓaure, duk shekara in damina ta wuce, ruwa ya kwanta, dabbobin ruwa sukan yi gasar ninƙaya. A taso daga wani baƙin dutse can sama, a biyo ruwa har zuwa turken da aka kafa a tsakiyar gulbi, daidai ƙarƙashin reshen wani tsohon ɓaure. Makarantu biyu ne ke fitar da gwanaye. Akwai makarantar Tudu ta Malam Kada, zakaranta Tsari. Akwai makarantar Gangare ta Malama Kififiya, zakaranta Karen Ruwa. Ba noma ake koya a cikinsu ba, ba saƙa ba. Iyo da safe, iyo da yamma, sai ci. Ƙattai majiya ƙarfi, ko tsinke ba sa ɗagawa, dangi na ta yi musu dakon abinci don kawai a ce ɗanmu ya riga ɗan wani taɓa icce.

Bara waccan Karen Ruwa ya ci. Bara kuwa sai suka iso turke kai da kai, Karen Ruwa na miƙa hannu, Tsari ya zaro harshen nan nasa mai tsawo ya lashi turke. Iya Dorina, wadda ita ce alƙaliyar gasa, ta ce Tsari ya ci. 'Yan Gangare suka ce harshe ba hannu ba ne. 'Yan Tudu suka ce ai ba aro ya yi ba, a bakinsa yake. Aka yi ta, aka yi ta, har Dorina ta gaji ta kafa doka. Ta ce daga yau wanda ya fara rungumar turke da hannu biyu, jikinsa a jiƙe, shi ya ci, kuma kada wanda ya ƙara zuwa mata da zancen harshe. Tun daga ranar Tudu da Gangare ko gaisuwa ba sa yi.

Shi kuwa Kurege a kan tudu yake, can nesa da gaɓa. Bai taɓa tsoma ko farce a gulbi ba. Raɓa yake lasa in ƙishi ya kama shi. A shekarar nan ya cinye gyaɗarsa tun tana ɗanya, ya cinye irin shuka, ya koma yana shinshina kwandon da babu komai. Wata safiya ya hau suri yana hamma, sai ya hango ana wucewa da kwanduna zuwa makarantu. Ga aya, ga gyaɗa, ga dankali, ga fura a ƙwarya. A bakin gaɓa kuma an yi gungu-gungu ana gardamar wa zai ci bana, kowa na rantsuwa, ba wanda ya san komai.

Kurege ya ce a ransa, "Ashe akwai sana'ar da ba a jiƙa."

Ya sami sanda, ya shafa toka a goshi, ya nufi makarantar Tudu.

"Salamu alaikum. Allah ya gafarta Malam."

Kada ya buɗe ido ɗaya. "Wane ne?"

"Kurege ne, mai hasashen gasa. Tun kakana muke wannan aiki, ba mu taɓa kuskure ba."

"Ban taɓa jin ku ba."

"Ai mu ba ma talla, Malam."

Ya zauna ya zana ƙasa da sanda, ya ɗaga kai, ya leƙa gulbi daga nesa. Ya ce a kira Tsari ya juya a gabansa. Tsari ya zo ya juya. Kurege ya taɓa wutsiyarsa, ya girgiza kai kamar mai sayen rago.

"Na duba ƙasa, na duba sama, na duba ruwa. Kai ne. Bana ko harshe ba za ka fitar ba. Za ka isa, ka huta, ka yi hamma, sannan wancan mai gashin ya iso."

Tsari ya ce, "Malam, ka ji? Abin da nake gaya maka ke nan."

Aka cika wa Kurege kwando. Zai tafi ya juyo ya ce, "Amma fa a rufe. In maganar nan ta fita daga zauren nan, ta lalace."

Ya kai kwando rami, ya share baki, ya bi ta bayan gari ya ɓullo makarantar Gangare.

"Salamu alaikum. Allah ya ja kwanan Malama."

Kififiya ta leƙo da kai. "Me ke tafe da kai?"

"Zalunci ne ya hana ni barci, Malama. Abin da aka yi muku bara."

Nan take aka shimfiɗa masa tabarma. Ya zana ƙasa, ya ɗaga kai, ya leƙa gulbi daga nesa. Aka kira Karen Ruwa ya juya a gabansa.

"Na duba ƙasa, na duba sama, na duba ruwa. Kai ne. Wancan mai ɓawon jikin, ko ya ƙara da harshen ubansa ba zai kamo ka ba."

Karen Ruwa ya yi dariya har da birgima. Aka cika wa Kurege kwando. "Amma fa a rufe," in ji shi.

Shi ke nan. Safe yana Tudu, yamma yana Gangare. Kullum sai ya zo da sabon labari. A Tudu ya ce ya ga Karen Ruwa yana ɗingishi. A Gangare ya ce ya ji Tsari na tari. Shi da bai san yadda ake kaɗa hannu a ruwa ba, ya koma yana gyara wa gwanaye iyo daga kan gaɓa. "Ɗaga kafaɗa. Ba haka ba. Sassauta wutsiya." Su kuwa suna bi. Rami ya cika da abinci har ba wurin juyawa. Kurege ya yi ƙiba, wuya ya ɓace, in ya zauna sai ya yi nishi kafin ya tashi.

Ana gobe gasa da hantsi, yana kwance a inuwa yana tauna aya, sai ga Kwaɗo, maroƙin gulbi, wanda a makarantar Tudu yake cin tuwo.

"Malam Kurege, na zo taya murna. Gobe kai ne ango."

"Ango kamar yaya?"

"Au, kai da ka gaji aikin nan tun kakanka? Al'adar nutso mana. In zakara ya ci, yakan goyi mai hasashensa a baya, ya nutse da shi har ƙasan gulbi. A zauna can a gaida kakanni, a ɗebo laka a shafa wa mai hasashe a goshi. Babu girman da ya kai wannan. Ni kaina roƙo nake a yi mini, ba a yi ba."

Kurege ya daina tauna. "Ana daɗewa a can ƙasan?"

"Ba a daɗewa. Kamar dai a ɗora wake a jira ya nuna."

Ku ji fa. Mutanen ruwa ne, a ruwa aka haife su, a ruwa suke barci. Bai taɓa zuwa a ransu ba cewa akwai mai rai da zai shiga ƙarƙashin ruwa ya kasa fitowa. Su a wurinsu alheri ne suke yi.

Kurege ya ce, "To, in zakaran mutum ya faɗi fa? Tambaya ce kawai."

"Sai a ɗaura wa mai hasashe dutse a jefa shi gurbi, ya je ya duba da kyau. Amma kai ina ruwanka, ai Tsari zai ci."

"Haka ne. In kuma rana ta faɗi ba wanda ya isa turke?"

Kwaɗo ya yi dariya. "Sai a ɗage sai baɗi. Amma ba a taɓa yi ba."

Kwaɗo na tafiya Kurege ya zauna yana lissafin kansa. In Tsari ya ci, Tudu za su nutse da shi don girma, Gangare su jefa shi don haushi. In Karen Ruwa ya ci, haka ɗin ne aka juya. Ko ta ina ruwa ne. Ya ce gudu zai yi. Ya shiga rami ya ɗaure aya, ya ɗaure gyaɗa, ya ɗora a ka, ya kasa tashi. Ya rage, ya dubi abin da ya rage, ya ji kamar an yanke masa ƙafa, ya mayar. Har azahar yana ɗaurewa yana kwancewa. Daga ƙarshe ya zauna a kan kayan ya ce, "Ba inda za ni. Rana ce za ta faɗi."

Ya sake shafa toka, ya nufi Tudu, ya ja Tsari gefe.

"Gwani, na sake dubawa, na ga wani abu. Nasara taka ce, amma da sharaɗi. Bana akwai abin da ke kwance a ruwa yana jiran na gaba. Duk wanda ya fara wuce ɗan'uwansa, shi zai faɗi. Ka bar shi ya shige gaba. Kada hancinka ya wuce nasa, ko me za a ce maka."

"To yaushe zan wuce shi?"

"Za ka ji ni. Ina kan gaɓa, zan yi fito. Amma fa a rufe, ko Malam kada ya ji."

Ya bi ta bayan gari, ya ja Karen Ruwa gefe, ya gaya masa wannan magana ba ragi ba ƙari.

Gari ya waye, gaɓa ta cika maƙil. Aka rataye kyautar gasa a kan turke, ƙatuwar ƙwarya ce cike da dakuwa, an kwaɓa ta da zuma, ƙamshi har tudu. Dorina ta kwanta kusa da turke, ido da kunne kawai a waje. Kwaɗo ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Aka buga ganga, Tsari da Karen Ruwa suka faɗa ruwa.

Suka kaɗa hannu sau ɗaya, suka tsaya. Tsari ya dubi Karen Ruwa. Karen Ruwa ya dubi Tsari.

"Bismillah, wuce mana," in ji Tsari.

"Haba, kai ne zakaran bara. Girmanka ne."

"Ai na ji an ce zalunci aka yi maka. Ga hanya, je ka rama."

"Ba na sauri."

Ruwa ya ɗan tura Tsari gaba, ya yi maza ya ja da baya. Ruwa ya tura Karen Ruwa, ya kama ciyawa ya riƙe. Ganyen da ya faɗo tare da su ya wuce su. Wata tsohuwar agwagwa da ta fito wanki ta wuce su, ta dawo ta sake wuce su. Malam Kada na dukan ƙasa da wutsiya yana cewa, "Tafi mana, ɗan banza, abincin da ka ci fa?" Malama Kififiya ta mayar da kai cikin ƙoƙon bayanta don kunya. Masu gardamar bakin gaɓa kuwa suka ce ai dabara ce, sabon salo ne, sai mai ilmin abin zai gane.

Rana ta take, ta karkata. Kurege na kan suri yana duban inuwa tana tsawo, ransa fari ƙal. Da ya zauna a nan, da shi ke nan. Amma iska ta juyo, ta kawo masa ƙamshin dakuwa. Ya kau da kai, ƙamshi ya biyo shi. Ya duba, kowa ya ba turke baya, ido na can sama wajen gwanaye. Dorina ma ta gaji da jira, ta lumshe ido. Ga reshen ɓaure ya miƙe har saman ƙwarya.

"Dunƙule ɗaya kawai," in ji Kurege. "In an ɗage sai baɗi, ai lalacewa za ta yi."

Ya hau ɓaure. Reshen nan ya san shi, ya sha bin sa yana cin 'ya'ya. Abin da ya manta, lokacin ba shi da tumbi. Ya taka, reshe ya sunkuya. Ya ƙara takawa, reshe ya yi ƙara. Ya miƙa hannu, yatsa ya kusa taɓa dakuwa, sai ƙaras, reshe ya karye. Kurege ya faɗa gulbi tsundum.

Ya sha ruwa ta baki, ya sha ta hanci. Ya ga duhu, ya ga kakanninsa. Ruwa ya juya shi, ya wuntsila shi, ya maka shi da wani abu mai tauri. Ya rungume abin da hannu biyu da ƙafa biyu, har da haƙori, ya yi sama yana tari. Ashe turke ne.

Dorina ta buɗe ido. Ta ga mai rai rungume da turke, hannu biyu, jiki a jiƙe sharkaf. Ta ɗaga kai ta ce, "An ci."

Kowa ya juyo wajen turke. Sai Kwaɗo, da yake maroƙi ba ya rasa ta cewa, ya fasa kirari. "Kurege na ƙarƙashin ruwa, ka shiga ba a gani ba, ka fito ba a shirya ba." Wani ya ce tun daga baƙin dutse ya yi nutso, bai ɗago ba sai a turke. Wani ya ce shi ya ga kumfarsa tana wucewa. Masu gardama suka ce ai su tun farkon damina suka faɗa, ba a dai saurare su ba ne.

Tsari da Karen Ruwa suka iso a guje, yanzu kam da gudun gaske.

"Kai Kurege, ba kai ka ce in jira fito ba?" in ji Tsari.

Karen Ruwa ya juyo. "Kai ma ya ce maka haka?"

Suka dubi juna, karo na farko tun bara. Suka juya wajen malamansu za su tona. Malam Kada ya matso kusa da Malama Kififiya, ya yi ƙasa da murya.

"Malama, in yaran nan suka yi magana, za a ce ɗan tudu da bai iya ko wanka ba ya cinye mana abinci, ya mayar da zakarunmu gumaka a tsakiyar ruwa. Wa zai ƙara kawo ɗansa makarantarki ko tawa?"

Kififiya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ba abin kunya ba ne gwani ya faɗi a hannun wanda ya fi shi. Irin nutson nan, tun ina yarinya rabon da in gan shi."

"A wurina ya fara koyo," in ji Kada.

"Ƙarya kake, kullum da yamma yana wurina."

Tsari da Karen Ruwa suka rufe baki, suka haɗiye abinsu.

Kurege na manne da turke yana jin ana yabonsa, har ya fara miƙa hannu wajen ƙwarya. Sai Dorina ta ce, "Saura al'ada. Zakara, ina mai hasashenka? Goya shi ku sauka ƙasa. In ba ka da shi, sauka kai kaɗai ka ɗebo laka. Sai ka fito a ba ka kyauta."

Kurege ya dubi ruwan da ke ƙasansa, baƙi ƙirin. Ya dubi gaɓa, ta yi masa nisa kamar wata ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ina da shi. Tsoho ne, yana can ramina a tudu, ƙafa ta hana shi fitowa. Shi ya ce mini zan ci tun ina goye. In na sauka ba da shi ba, da wane ido zan dube shi? Bari in ɗauko shi."

"To yi iyo ka je."

"Zan yi, ranki ya daɗe. Sai dai wani abu na damuna. Jama'a sun taru tun safe, har yanzu ba su san wa ya fi tsakanin waɗannan biyun ba. Ga ni. Wanda ya fara kai ni gaɓa a bayansa, shi ne na biyu, ɗayan kuma ya koma wasa da 'yan kifi."

Bai rufe baki ba Karen Ruwa ya sure shi ya ɗora a wuya. Tsari ya biyo yana cewa, "Ba ni shi, nawa ne." Wannan ya fizga, wancan ya fizga, Kurege na tsakiya yana salati, ya damƙe kunnen wannan, ya taka kan wancan. Iyon da suka yi a wannan ɗan taƙi, ba a taɓa ganin irinsa a gulbin ba. Suna isa gaɓa ya yi tsalle ya dira a busasshiyar ƙasa, bai tsaya jin wa ya ci ba. Tsari ya ce hannunsa ya fara taɓa gaɓa, Karen Ruwa ya ce a wuyansa kaya yake. Sabuwar gardama ta tashi.

Kurege bai ko bi ta raminsa ba, don ya san can za a fara nema. Aya da gyaɗa da dankali, duk ya bar wa gara. Ya yi ta gudu har inda ba a jin kukan kwaɗi, ya haƙa sabon rami a ƙasa mai tsakuwa, ya shige da cikinsa fayau.

Mutanen ruwa suka jira shi har dakuwa ta yi tsami. Har gobe suna jira. Duk shekara in an zo hasashe, sunansa ake fara kira, a ce in dai Kurege ya shigo bana to a nemi na biyu kawai, don shi ba a taɓa kayar da shi ba. Makarantun nan biyu kowace na cewa ɗalibinta ne. Shi kuwa in kun gan shi a gona ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu yana waige-waige, ba komai yake dubawa ba, 'yan kawo masa girma yake tsoro.

Kurunkus kan tarwaɗa. Wanda duk zai ci abinci da faɗin wa zai ci gasa, ya fara tambaya me ake yi wa mai faɗa in an tashi. In kuma ya ƙi ji ya yi ƙiba, to ya bar hawan reshe. Ku tashi haka nan, akwai ɗiban ruwa gobe, kuma ban ce kowa ya shiga ciki ba.